Kaset naka ne, muryar da ke ciki fa? Jagora ga mai son sayar da tsofaffin hirarrakin rediyo

Bayan rasuwar baffana a nan cikin garin Bauchi, da aka zo fitar da kayan ɗakinsa, sai ga akwatin ƙarfe irin na amaren da, maƙil da kaset. Baffa mutum ne da rediyo ba ta barin kunnensa. Da ya ji an sako hira da wani dattijo kan tarihin sarauta, ko tsohon malamin makaranta, ko maharbi, sai ya danna rikoda. Wasu kaset ɗin kuma wani amininsa ma'aikacin rediyo ne ya bar masa su. Ba a rufa wata biyu ba wani matashi mai tasha a YouTube ya yi sallama, ya yi ta'aziyya, sannan ya ce, "Yaya, nawa za ku sallama mini akwatin gaba ɗaya?" Kuɗin da ya taya ba kaɗan ba ne, kuma gidan na da buƙata. Abin da ya tsayar da ni tambaya ɗaya ce: me muka gada, robar kaset ko maganar mutane?

Na yi watanni ina bin wannan tambaya. Ga hanyar da na bi, ga wanda ya tsinci kansa a irin halin da na shiga.

Da farko, raba tef da abin da ke cikinsa

Wanda ya sayi littafi a kasuwar Wunti, littafin ya zama nasa. Yana iya kyautar da shi ko ya sayar, amma ba zai kai shi maɗaba'a ya buga dubu ya zuba a kasuwa ba. Haka dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, take kallon lamarin: mallakar abin da aka naɗi aiki a cikinsa ba ya ba mutum haƙƙin aikin. Gado ya ba ka kaset. Bai ba ka ikon kwafa, ko ɗorawa a intanet, ko ba wani gidan rediyo ya watsa ba.

Kaset ɗin da aka naɗa daga akwatin rediyo a gida ma matsayinsa bai kai na littafin ba. Shi littafi mai shi ne ya buga ya fitar kasuwa da yardarsa. Wannan kuwa kwafi ne da aka yi don amfanin kai, kuma doka ta yi sassauci ne ga amfanin kai, da nazari wanda ba na neman kuɗi ba, da sharhi, da ba da labarin abin da ke faruwa. Da zarar ciniki ya shigo, sassaucin ya tsaya. Abin da Baffa ya yi a ɗakinsa ba laifi. Abin da ake so mu yi da shi ne ke buƙatar izini.

Na biyu, saurara ka rubuta

Kada ka amsa tayin kowa kafin ka san abin da ke hannunka. Nemi rikoda mai lafiya, ka goge kanta, ka juya kowane kaset zuwa kwamfuta tun a sauraron farko, domin tsohon tef yana iya tsinkewa ko ya naɗe a karo na biyu. Adana sautin a tsarin WAV, ba MP3 da ke matse sauti ba, kuma ka ajiye a wuri biyu. Idan ka ga fumfuna a jikin tef, ko yana ƙara yana mannewa, tsaya, ka nemi tsohon injiniyan sauti.

Sannan ka ɗauki littafi, kowane kaset shafinsa: wace tasha, wane shiri, wa ya yi tambaya, wa ya amsa, wace shekara, akwai kiɗa ko waƙa a ciki, kuma ta wace hanya kaset ɗin ya shigo gidanku.

Shekarar ita ce mai wahala, ita ce kuma mafi amfani, don duk lissafin da ke gaba a kanta ya dogara. Inda ba a rubuta ba, hirar kan tona kanta. Idan ana ta lissafin kuɗi da fam da sule a matsayin kuɗin yau, kafin Janairun 1973 ne, lokacin da naira ta shigo, kodayake tsofaffi sun daɗe suna lissafi da fam bayan haka, don haka kada ka dogara da wannan shi kaɗai. Idan mai gabatarwa ya ce Jihar Arewa maso Gabas, kafin Fabrairun 1976 ne, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi. Idan Abubakar Tatari Ali ne gwamna, tsakanin 1979 da 1983 ke nan. Idan aka ambaci Dukku ko Kaltungo ko Billiri a cikin Jihar Bauchi, to ba a kai 1 ga Oktoban 1996 ba, ranar da aka yanke Jihar Gombe. Da irin waɗannan alamu na sa wa yawancin kaset ɗin Baffa shekara, ko aƙalla tsakanin shekaru.

Na uku, ƙirga masu haƙƙi, don ba mutum ɗaya ba ne

A nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Hira ɗaya ta minti talatin tana iya ɗauke da haƙƙi huɗu ko biyar, kowanne da mai shi.

Akwai haƙƙin watsawa, wato shirin kamar yadda ya fita a iska. Wannan na tashar ne. Akwai haƙƙin naɗin sautin kansa, kuma doka ta ba da shi ga wanda ya yi tanadin naɗin, ba wanda ya riƙe makirfo ba. Idan tasha ce ta ba da rikoda da mota da man fetur ta tura ma'aikacinta Misau ko Ningi, naɗin nata ne.

Wannan ne ya fi yi wa tsofaffin ma'aikata zafi. Na zauna da aminin Baffa, dattijo mai shekaru, na ce, "Baba, waɗannan da ka bar masa, naka ne ko na ofis?" Ya yi shiru, sannan ya ce shi ya hau babur ya je ƙauyen, shi ya san dattijon, shi ya tsara tambayoyin, kuma da bai kwaso tef ɗin ba da tuni an goge an naɗi wani abu a kai. Gaskiya ya faɗa, kuma wallahi da irinsu ba su ɓoye ba da tarihi mai yawa ya salwanta. Sai dai doka ta ce aikin da mutum ya yi a bakin aikinsa na gwamnati ko wata hukumarta, haƙƙin na gwamnatin ne, sai in akwai yarjejeniyar da ta ce akasin haka. Kuma ka tuna, sai a 1992 aka yi dokar da ta kafa NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu. Duk hirar da ka ji daga tashar cikin gida kafin wannan lokaci, daga gidan gwamnati ta fito: ko na jiha kamar BRC, gidan rediyon Jihar Bauchi, ko na tarayya kamar Rediyon Kaduna, wanda ya fara a 1962 a ƙarƙashin gwamnatin Arewa kafin ya koma cikin FRCN, hukumar gidajen rediyon tarayya, a 1978.

Lamarin ya bambanta ga mai shirya shiri da kansa, wanda ya yi naɗi da kayansa da kuɗinsa sannan ya sayi fili a tasha. Shi ne ya yi tanadin, don haka naɗin nasa ne matuƙar bai sa hannu a takardar da ta miƙa shi ga tasha ko ga wanda ya ɗauki nauyin shirin ba. Irin wannan mutum ya binciko takardun da ya sa wa hannu a lokacin, ko da rasit ne.

Sai kuma maganar baƙon, wato wanda aka yi hirar da shi. Doka ta lissafa lacca da jawabi da wa'azi cikin ayyukan adabi da take karewa, muddin mai su ya sa basirarsa kuma an adana su ta wata hanya, naɗi kuwa adanawa ne. Gaisuwa da gajerun amsoshi ba su kai nan ba. Amma dattijon da ya yi awa guda yana warware tarihin Yakubun Bauchi da tsarinsa da salonsa, ko malamin da ya yi karatu, ko unguwarzoma da ta zayyana sana'arta daki-daki, wannan ya yi kama da lacca ƙwarai. Tarihin kansa ba na kowa ba ne, kowa na iya ba da shi da bakinsa. Yadda shi ya faɗe shi ne nasa. Zaman da ya yi gaban makirfo yarda ce a watsa a rediyo a wancan lokaci. Ban ga yadda za a miƙe wannan yarda ta kai ga sayar da muryarsa ga wani bare bayan shekara arba'in ba.

Na ƙarshe, kiɗan buɗe shiri, da duk waƙar da aka sako a tsakiya ko baƙon ya rera. Kowace da mai ita. Mafi sauƙi a nan shi ne a yanke kiɗan, in cire shi ba zai lalata hirar ba.

Na huɗu, yi lissafin shekaru

Haƙƙin mallaka yana da wa'adi. Na watsawa shekara 50 ne daga ƙarshen shekarar da aka fara watsa shirin. Na naɗin sauti shi ma 50 ne daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Hirar da aka watsa a 1974, waɗannan biyun sun faɗi a ƙarshen Disamban 2024. Wadda aka watsa a 1985 sai ƙarshen 2035.

Kada murna ta ɗauke ka. Aikin adabi da na kiɗa wa'adinsu shekara 70 ne bayan ƙarshen shekarar da mai aikin ya rasu. Dattijon da aka yi hira da shi a 1974 ya rasu a 1990, maganarsa tana da kariya har ƙarshen 2060, ko da tasha ta fita daga lissafi. Misali na gida: Malam Sa'adu Zungur ya rasu a 1958, don haka waƙoƙinsa na cikin kariya har ƙarshen 2028. Idan baƙon da ke kaset ɗinka ya rera wata daga ciki mai tsawo, ga wani gida da za ka yi wa sallama.

Rubuta shekarun biyu a shafin kowane kaset: ta tasha da ta baƙo.

Na biyar, nemi izini, kuma a rubuce

Fara da tasha. Rubuta wasiƙa ga shugabanta, ka faɗi sunan shirin, shekara, tsawon hira, wanda zai saya da abin da zai yi da ita. Kai da hannunka, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Mutanen Gombe su lura: hirar da rediyon jiha ya yi da mutumin Kumo ko Nafada a shekarun 1980, a Bauchi aka yi ta a hukumance, don haka daga Bauchi za a fara tambaya. Kada ka je hannu rabbana. Tashoshi da yawa sun rasa tsofaffin tef ɗinsu, saboda tsadar tef ta sa ana gogewa a sake naɗi. Mai yiwuwa kwafinka ne kaɗai ya rage a duniya. Ka yi musu tayin kwafi mai tsabta don ma'ajiyarsu, su kuma su ba ka izini a rubuce. Wannan musaya ce da kowa ya ci riba, kuma ita ta buɗe mini ƙofar da wasiƙa kaɗai ta kasa buɗewa. Izinin baki daga wani abokinka da ke aiki a wurin ba izini ba ne. Gobe a yi masa canjin wurin aiki ka rasa mai shaida.

Idan hirar ta Sashen Hausa na BBC ce, wanda ya fara a 1957, ko Muryar Jamus ko wata tashar waje, nisa ba ya sa ta zama ta banza. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Berne da ta Rome, na kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, a 1993, kuma a ƙarƙashinsu ana kare ayyukan ƙasashen da ke ciki kamar na gida. Su za ka rubuta wa kai tsaye.

Sannan iyalan baƙon. Haƙƙin mallaka dukiya ce da ake gada kamar gona. Ga wanda ke tantama ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a, kuma bai halatta a keta shi ba. To tunda gado ne, ba babban ɗa kaɗai ke da shi ba. Akwai mata, akwai 'ya'ya mata da ke gidajen aure, wataƙila akwai marayu. Nemi magada su wakilta mutum ɗaya a rubuce da shaidu, ko duk su sa hannu. Ta hannun mai unguwa ko limamin unguwar za ka fi saurin gano gidan, kuma za a fi sakin jiki da kai.

Shawarata, kada ka fara da zancen kuɗi. Je da kwafin hirar a waya ko a memori ka ba su kyauta. A wani gida da na je, da muryar ta fito, tsohuwar ta ce a tsayar, ta aika a kira jikoki. Sai da aka saurara har ƙarshe na ce, "Inna, akwai wanda ke son ya saka wannan inda duniya za ta ji, na zo neman yardarku ne." Ta ce a ba su mako guda su yi shawara. Sun yarda, da sharaɗin a cire wani wuri.

Na shida, abin da izini ba ya wankewa

Wurin da suka ce a cire, marigayin ya kama sunan wani gida a rikicin gona. A 1980 an faɗa a iska ya wuce. Yau in ya hau Facebook ko TikTok ba ya wucewa, kuma jikokin gidajen biyu suna makaranta ɗaya. Wanda ya sake yaɗa maganar ɓata suna ana iya kama shi da ita kamar shi ya fara faɗa. Saurari kowace hira da wannan kunne: zargi, asirin iyali, ciwon wani, maganar sarauta, addini ko ƙabila da za a iya gutsurewa a hura wuta da ita. Mu a wannan yanki mun san abin da gutsuren magana ke haifarwa.

Ka ƙara kula da tef ɗin da ya fito daga hannun ma'aikaci, domin sau da yawa ɗanyen naɗi ne, har da abin da baƙo ya faɗa bayan ya ɗauka an kashe rikoda. Wannan bai taɓa yarda a watsa ba. Idan kuma baƙon na raye, dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta shafe shi, don haka yardarsa ta zama dole ta fuska biyu. Haka nan doka ta ba mai aiki haƙƙin a ambaci sunansa, kuma kada a jirkita aikinsa ta yadda zai zubar masa da mutunci. Wannan ba ya bin ciniki; ko an sayar da komai yana nan.

Na bakwai, san abin da kake sayarwa, ka rubuta shi

Ciniki iri uku ne, kuma mai saye zai so ya dunƙule su a farashi ɗaya. Akwai ba da izinin amfani wanda bai hana ka ba wani ba. Akwai izini na keɓe, shi kaɗai zai yi amfani. Akwai sallama haƙƙin ɗungurungum. Doka ta ce na biyu da na uku ba su ƙulluwa sai a rubuce. Na farkon yana ƙulluwa da baki, har ma da abin da hali ya nuna, kuma nan haɗarin yake: ka miƙa wa mutum memori ka karɓi kuɗi ka yi shiru, gobe ya ce ka ba shi izini, ba iyaka ba wa'adi.

Ni ban ga dalilin sallamawa ɗungurungum ba. Abu ne da ba a sake yin irinsa, kuma yawanci ma ba naka ba ne da za ka sallama. Izini mai wa'adi ya fi. Takardar ta ƙunshi jerin hirarrakin ɗaya bayan ɗaya da tsawonsu, inda za a yi amfani da su, YouTube ne ko fim ko rediyo ko bincike, shekara nawa, ko yana iya ba wani, ko yana iya yankawa, da wuraren da aka hana fitarwa, yadda za a ambaci tasha da mai tambaya da baƙo, kuɗi, dunƙule ne ko kaso, da rabon kowa. Ka sa mai tambayar a rabon ko da doka ba ta tilasta ba. Guminsa ne.

Akwai layi ɗaya da za ka nema da ido buɗe. Masu saye kan sa cewa mai sayarwa ya tabbatar shi ne mai dukkan haƙƙi kuma zai ɗauki duk asarar da ta biyo baya. Kada ka sa hannu a kan wannan. A rubuta gaskiya: ga abin da na mallaka, ga takardun izinin da na samo an liƙa, ga abin da ya rage mai saye ya nema da kansa. Kuɗin da za ka ba lauya ya duba shafi biyu bai kai na zirga-zirga zuwa kotu ba, kuma shari'ar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, ba a gaban mai unguwa ba. Dokar ta tanadi diyya, ta kuma tanadi tara ko ɗauri ga mai sayar da kwafin da ba izini. Shi ma mai tashar ka faɗa masa don amfanin kansa: YouTube na rufe tashar da ƙorafin haƙƙin mallaka uku suka taru a kanta.

Idan kai ne ainihin mai naɗin, kana iya yin rajistarsa a hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, ta intanet. Rajista ba ita ke ba da haƙƙi ba, haƙƙi na samuwa ne tun ranar da aka yi aikin, amma takardar shaida ce mai amfani ran gardama.

In an nema an rasa mai haƙƙi

Zai faru. Baƙon da aka kira da laƙabi kawai, ko ƙauyen da ba wanda ya tuna shi. Rubuta duk inda ka je da wanda ka tambaya da kwanan wata, ka ajiye. Wannan na nuna kyakkyawar niyya, amma bai zama izini ba. Irin waɗannan kada a sa su a ciniki. A kai kwafinsu inda masu bincike za su saurara, kamar Gidan Arewa da ke Kaduna ko sashen tarihi na jami'a mafi kusa, tare da bayanin da ka tattara a kansu.

Akwatin Baffa kashi uku muka raba shi. Kaɗan da takardunsu suka cika, mun ba matashin nan izinin shekara uku, kuma ya karɓa ba gardama da ya ga komai a rubuce. Wasu mun mayar wa iyalan masu maganar, ba mu karɓi ko kwabo ba. Sauran suna nan cikin akwatin a ɗaki mai sanyi, nesa da rana, kowanne da 'yar takarda a bayansa mai ɗauke da shekaru biyu da sunan garin da zan je neman magada in damina ta wuce.